Tsohuwar Kwamfuta da Gonar Bakin Ƙorama

Kwana uku ke nan rana ba ta leƙo ba a nan Kankara. Marka ta sauka sosai, tufafin da aka shanya a rumfa sun soma warin danshi, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi. Jiya da hantsi ina zaune ina kallon ruwa yana zuba daga indararo, ɗiyata Maryam ta baza kwamfutocinta biyu a kan tabarma, tsohuwar da ta gama makaranta da ita da sabuwar da mijinta ya sayo mata, tana kwashe kayan waccan tana zubawa a wannan. Na ce mata kada ta rabu da tsohuwar sai ta buɗe ko'ina ta duba da idonta.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai yanzu komai a ajiye yake a intanet. Ko rijiya ta faɗa ba abin da zai ɓace."

Ban ja da ita ba, zamaninta ne. Amma warin hayaƙin ɗanyen itace da ganin na'urorin nan biyu kusa da juna sun mayar da ni wata damina da azumi ya faɗo cikin marka, shekarar da mahaifina, Baba, ya rasu.

Lokacin ina aiki a sashen gona a nan Kankara, gidanmu kuwa yana Tafoki ta ƙasar Faskari. Shekarun ne da man fetur ya yi tsada a duniya, kuɗi suka wadata a hannun gwamnati. Ko'ina ka juya ana zuba kwalta, ana fentin ofisoshi, ana raba babura. Mu namu rabon ya zo ne a kwali: aka ba kowane malamin gona sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka.

Dama ina da tawa, wadda na saya ta hannu a Funtuwa shekara biyar kafin nan. Baƙa ce mai kauri, ta fi tiyar dawa nauyi, in na rataya ta daga ofis zuwa gida sai kafaɗata ta yi tsami. In ka kunna ta kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Fankarta na ruri kamar injin niƙa daga bayan gari, ga zafi, ba ta zaunuwa a kan cinya. Batirinta ya mutu tun tuni, ana ɗauke wuta take ɗaukewa, ko da kana tsakiyar rubutu. Haruffa biyu sun goge, sai da ka ake gane su. Amma tana da murya, in na sa karatu a ɗaki har na tsakar gida yana ji. Kuma ta taɓa faɗowa daga bayan babur a kan tsakuwa, na ɗauka na kakkaɓe, ta tashi kamar ba a yi ba.

Sabuwar kuwa ruwan azurfa ce, siririya, da hannu ɗaya nake ɗaga ta. Kana buɗe murfin ta farka. Ba ruri, ba zafi, batirinta yana kai ni sa'a huɗu babu wuta. Fuskarta na sheƙi kamar madubi. Sati guda na yi ina shafa ta da gefen riga. Na kwashe takardun ofis daga tsohuwar na zuba mata, hotuna da sauran tarkace na ce sai na sami sarari. Ban sami sararin ba. Baba ya kwanta ciwo cikin bazara, kwana tara Allah Ya karɓi abinSa. Da ƙanwata Asabe ta zo addu'ar arba'in daga Sabuwa, inda take aure kuma take koyarwa a firamare, ta ga tsohuwar a jingine a lungu ta ce tana so ta koyi buga rubutu. Na ce ta ɗauka, na ma ji daɗin an rage mini kaya.

Da azumi ya matso na ɗauki hutu na koma Tafoki in taimaki wana, Yaya Mamman, wanda gandu ya dawo wuyansa. Na tarar da gida a matse. Baƙin ta'aziyya sun ci rabin rumbu, abin da ya saura an sayar da wani don taki. Kuɗin man da ake ta faɗi a rediyo bai iso rumbunmu ba. Inna ce ke auna hatsi da kanta, kuma na lura kwanon awon ya daina yin tozo. Da magariba kunun tsamiya ne, sukari sai dai a nuna masa, sai kwaɗon tafasa ko rama da ɗan ƙuli. Tuwo sau ɗaya ake tuƙawa, a ci rabi, a rufe rabi don sahur. Itace jiƙaƙƙe, matan gida idanunsu sun yi ja don hura wuta.

Ana sallame asuba muke fita, raɓa na jiƙa wando har gwiwa. Huɗar dawa muke yi lokacin, Yaya Mamman na riƙe da garma, ni ina jan shanu. Azumin damina ba ƙishirwa ce wahalarsa ba, yunwa ce. Da safe garin luf-luf, sai ka ji kamar za ka yi aikin mutum biyu. Hantsi na ɗagawa, in rana ta sami kafa tsakanin gizagizai, sai ƙasa ta soma tururi, gumi ya manne maka riga, ka sunkuya ka ɗago ka ga duhu-duhu. Kafin azahar mun watse, kowa ya nemi gindin itace ya miƙe. Ranar da aka yi gayya ba a kai abinci gona, sai da yamma a bi 'yan gayya gida-gida da kwanon fate.

Gidan Baba Sale, ƙanen mahaifinmu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun tasowata, duk azumi kafin kiran salla kwano na fita daga gidanmu zuwa nasu, wani na shigowa daga nasu, ko da abin da ke cikin kwanonin iri ɗaya ne.

Ran goma ga wata aka soma ruwa tun la'asar, bai tsaya ba sai da gari ya waye. Ƙoramar da ke gabas da gari ta cika ta fasa. Da muka je dubawa, gonar Baba Sale da ke kwari ta zama fili, masararsa duk ta kwanta, rairayi ya binne ta. Ya tsaya a bakin gonar da hannuwa a baya. Tamu kuwa, 'yar gonar da ke bakin ƙoramar ta wajen tudu, daga wani tsohon marke zuwa ruwa, ko kara ɗaya bai faɗi ba. Masara ce mai saurin nuna, ta yi goyo, gemunta ya soma bushewa. Sati biyu ya rage a soma karya. A kanta idon gidanmu duka yake.

Bayan kwana biyu Baba Sale ya yi sallama a zaurenmu. Muka gaisa, ya daɗe yana murza carbi.

"Mamman, magana ta kawo ni, kuma na so a ce ba bana na yi ta ba. Gonar bakin ƙorama tawa ce. Aro na ba Yaya, mahaifinku."

Yaya Mamman ya ɗago kai. "Baba, tun ina yaro gidanmu ke noman wurin ga. Yana da rai ba ka faɗi ba, sai da ƙasa ta rufe mashi ido?"

"Yana da rai ban bukata ba."

"Wa ya shaida?"

"Waɗanda suka shaida duk sun riga mu gidan gaskiya."

Yaya Mamman mutum ne mai haƙuri, amma in ya hau ba ya saukowa da wuri. Ya faɗi maganganun da ba a faɗa wa ƙanen uba. Baba Sale ya tashi ya sa takalmansa ya fita. Ran nan da yamma ba kwanon da ya fita, ba wanda ya shigo. A masallaci suka koma ɗaya a wannan gefen sahu, ɗaya a wancan.

Magana ta je gaban Mai Unguwa. Da ya ga ba takarda ba shaida, ya yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko, Baba Sale zai dafa Alƙur'ani ya rantse, in ya rantse gona tasa ce. Da muka dawo muka faɗa wa Inna, ta ajiye muciyar da ke hannunta.

"Ni Malam bai taɓa yi mani maganar gona ba, abin da ya shigo rumbu shi na sani. Amma ku duba. In ya rantse a kan gaskiya, kun sa ƙanen ubanku dafa Alƙur'ani cikin azumi, wannan kunya ba ta wankuwa. In ya rantse a kan ƙarya, ya hallaka, ku ne sanadi. Ta ina aka tsira?"

Ranar Talata ce. Ina kwance a gindin ɗorawa bayan azahar sai abin ya faɗo mini. Kaka biyu da suka wuce na zo gida da kyamarar ofis, na tarar da Baba cikin nishaɗi, ya ce in biyo shi in ɗauki gonakinsa. Muka zaga su ɗaya bayan ɗaya, yana tafe yana ba da labarin kowace. Ni kuwa hankalina na kan maɓallan kyamara, ban saurari rabin abin da yake faɗi ba. Na zuba bidiyon a kwamfuta ban sake buɗe shi ba. Amma na tabbata mun je bakin ƙorama, na tuna shi tsaye yana dafe da marken.

Na tashi da gudu na buɗe sabuwar kwamfuta. Nan take ta farka, na bincika ko'ina. Rahoton taki, rahoton iri, wasiƙun ofis. Babu Baba. Sai lokacin na tuna yana cikin tarkacen da na ce sai na sami sarari.

A Tafoki lokacin sai ka hau tudun bayan makaranta waya ke kamawa. Na hau na kira Asabe.

"Tana nan, Yaya," in ji ta, muryar na yankewa. "Ta cika nauyi, maigidan ya ce gobe ko jibi zai kai ta wurin mai gyara a wanke ta, a goge komai a sake..."

"Kada ki bari! Kada kowa ya taɓa ta!"

Layin ya mutu. Na kira har sau bakwai bai shiga ba. Na sauko na gaya wa Yaya Mamman. Idonsa ya yi haske, ya ce, "Tafi ka ɗauko. Baba da bakinshi zai ƙaryata shi." Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Shaidar da za ta ba mu gona na tafi nema.

Laraba ana sallame asuba na naɗe sabuwar kwamfuta a leda uku, na goya ta, na hau babur. Na yanke ta ƙauyuka don in rage hanya, ashe tsawaita ta na yi. Jar laka ce mai kama taya, in ka tsaya ka nutse, in ka yi sauri ka zame. Sau biyu na faɗi, duk biyun da bayana na fara tunani kafin ƙafata. A wata ƙorama ruwa ya kai ƙirji, sai da wasu mutane huɗu suka zura sanduna suka ɗauki babur ɗin a kafaɗa, ni na bi su da jaka a ka. Da na shiga dajin wajen Sabuwa sai ƙanshin jiƙaƙƙen ganye, kaɗanya da ɗorawa sun haɗe sama, shanun Fulani sun yi ƙiba suna kiwo a gefen hanya. Wata mai tallan nono ta ga yadda na yi, ta ce ai matafiyi an yi masa rangwame, in sha. Na yi godiya na wuce. Lokacin abin tsoro a hanyar nan laka ne da ruwa. Yau ko da rana tsaka ba mai bin ta shi kaɗai da jaka a baya.

Na isa Sabuwa bayan azahar, laka har cinya. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Ina take?"

Asabe ta ce, "Kwantar da hankalinka. Ni 'kada' kawai na ji layin ya yanke. Na ce to, tunda ban san kada me ba, bari in hana komai." Ta jawo akwatin kayanta daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwa, ga ta nan baƙa ƙirin a kwance. Mijinta ya nemi kwamfutar da safe zai fita da ita, ta ce masa sai yayanta ya zo.

Na zauna a ƙasa na yi hamdala. Amma da sauran aiki. Garin ya kwana biyar ba wuta, ita kuwa tsohuwa ba ta motsi sai da wuta. Mijin Asabe ya aro mana ɗan janareton maƙwabci, ya tayar, ya koma kasuwa. Muka kunna. Fanka ta soma ruri, muka zuba ido. Tana gab da gama farkawa janareto ya yi tari, ta ɗauke. Muka sake. Karo na biyu ta buɗe, na gano bidiyon, na sa filas ɗin kwafar bayanai da na zo da shi, ya yi nisa da kwafa, ta yi zafi ta kashe kanta. Na ji kamar in yi kuka. Sabuwar na gefe a buɗe, shiru, batirinta cike, ba abin da za ta iya yi mana.

Asabe ta fita ta dawo da bulo biyu, muka ɗora tsohuwar a kai don iska ta shiga ta ƙasa. Ta ɗauko mafici ta durƙusa tana yi mata fifita kamar mai jinya, tana cewa, "Yi haƙuri, Hajiya, saura kaɗan." Fiye da rabin sa'a tana fifita, hannu ya gaji ta sauya hannu, har ya gama. Na zare filas na sa wa sabuwar, kafin in gyara zama ta haɗiye shi.

"To mu gan shi mana," in ji Asabe. "A nan, ta fi murya."

Na danna a tsohuwar. Sai ga Baba, da hularsa da ta koɗe, da lauje a hannu, yana kallonmu. "Salamu alaikum. An fara ɗauka?" Muryarsa ta cika ɗakin kamar yana bakin ƙofa. Asabe ta saki maficin ta toshe baki da gyale. Wata huɗu ke nan rabonmu da muryar nan. Muka bi shi gonar tudu, muka bi shi gonar auduga, yana faɗin wadda ya gada da wadda ya sare da hannunsa. Sannan ya gangara bakin ƙorama ya dafa marke.

"Wagga kuwa, daga icen ga zuwa ruwa, ta Sale ce. Shekarar babban fari tudu bai ba da ko zangarniya ba, ni ga iyali, shi ko aure bai yi ba. Ya ce Yaya noma ta, ya tafi Kaduna leburanci. Da ita na ciyar da ku. Ya dawo bai ce ba ni ba, ni ma ban ce ungo ba. Amma tashi ce, ku sani."

Na danna na tsayar.

Ba zan ɓoye abin da ya zo mini a rai ba. Na tuna gindin rumbunmu, na tuna bakuna goma sha ɗaya da ke wuyan Yaya Mamman, na tuna masarar nan da gemunta ya bushe. Na ce a raina, in na koma na ce na tarar an riga an wanke ta, wa zai sani? Na daɗe ina kallon hoton Baba a tsaye da hannu a jikin marke.

Asabe ta share ido ta ce, "Yaya Sanusi, ka san dai ni ma na ji."

"Na sani."

"To shi ke nan. Bari in ɗora kunu."

A gidanta na sha ruwa na kwana. Da safe na mayar mata da tsohuwar cikin akwati, tunda a Tafoki ba wutar da za ta ci, na ce ko mai gyara ya zo da kansa kada ta ba shi. Na goya sabuwar na kamo hanya, wannan karon ta kan kwalta, ko da ta fi nisa.

La'asar ta yi na sami Yaya Mamman a gonar bakin ƙorama shi kaɗai, yana cire ciyawa tsakanin kunya. Ya hango ni ya yar da fartanya ya taho.

"Ka samo?"

"Na samo. Zo ka gani da kanka."

Muka zauna a gindin marken. Na buɗe, amma fuskar nan mai sheƙi ba ta nuna komai a fili sai fuskokinmu da ganyen sama. Sai da na tuɓe rigata muka lulluɓa da ita, mu da kwamfutar, kamar masu ɓuya. Na kai shi daidai wurin. Ya ji. Ya ce in maimaita. Na maimaita, na tsayar a inda na tsayar jiya.

Ya yaye rigar ya tashi. Ya ɗauki fartanyarsa ya kama kunya ɗaya ya nome ta har ƙarshe, ya kamo wata ya dawo. Ni dai ina zaune. Da ya iso ya tsaya a kaina, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Wa ya gani?"

"Ni da Asabe."

Ya dubi masarar, ya dubi ƙorama. Sai ya zauna daɓas a kan kunya.

"Sanusi, da gobe war haka na sa tsohon ga ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a. A kan abin shi." Ya riƙe kai. Can ya ce, "Rufe ta. Tashi mu tafi, kada rana ta faɗi."

Hadari ya haɗo kafin mu shiga gari, muna isa ƙofar Baba Sale aka soma yayyafi. Yana zaune a zaure kan buzu. Ya amsa sallama bai dube mu ba.

"Ai gobe ce Juma'a," in ji shi.

Yaya Mamman ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Baba, ba sai gobe ba. Wata magana muka kawo ka ji."

Na ajiye kwamfutar a gabansa na kunna daga farko. Daidai nan ruwa ya ɓarke a kan kwanon zauren. Na ƙure murya har ƙarshe, amma 'yar muryarta siririya ba ta iya ja da ruwan sama ba. Baki kawai ake gani yana motsi. Da tsohuwar ce da har na waje ya ji. Dole Baba Sale ya sunkuyo, Yaya Mamman ya matso, ni ma na matso, har kawunanmu uku suka haɗu a kanta, hular Baba Sale na gogar goshin Yaya Mamman.

Na mayar baya. "Salamu alaikum. An fara ɗauka?"

"Wa alaikumus salam, Yaya," in ji Baba Sale, kafin ya ankara. Ya kai yatsa zai taɓa fuskar, ya janye.

Ba wanda ya motsa har muka iso marke. Da Baba ya ce "amma tashi ce, ku sani," Baba Sale ya rufe ido.

"Baba, ka yafe mani," in ji Yaya Mamman. "Na faɗa maka abin da ba a faɗi. Gona taka ce, da abin da ke cikinta."

"Tashi, Mamman. Kai ka shuka, kai ka nome. In ta nuna a karya a raba biyu, gidan ga da gidan can, kowa ya ga kaka. Maganar baɗi sai baɗi." Ya ja numfashi. "Wallahi kwana ukun ga ban yi barci ba. Ina da gaskiya, amma in dafa Littafin Allah a kan ɗiyan Yaya? Na yi niyyar gobe in ce na bar maku."

Sai a lokacin na ji nauyin tafiyar kwana biyu ya sauko mini gaba ɗaya, cinyoyina na zogi, cikina na kiran abinci. Na jingina da bango, na ji wani sanyi yana ratsa ni tun daga ƙirji.

Ban tsayar da bidiyon ba wannan karon, na manta. Ruwa ya ɗan lafa, sai muka ji Baba yana ci gaba, wurin da jiya ni ma ban kai ba.

"Da ya dawo daga Kaduna, ka ga Sale? Wando mai faɗin ƙafa kamar buhu biyu, ga rediyo a kafaɗa. Yana shigowa gida kaji suka watse, wata har ta haura katanga!" Baba ya fashe da dariya, yana dariya yana tari, har kyamarar ta girgiza don ni ma mai ɗauka dariya nake.

Ladan ya kira salla. Aka turo kwaryar kunu daga cikin gida, ludayi ɗaya, muka sha bi da bi. Baba Sale ya kurɓa sau biyu ya miƙa wa Yaya Mamman, ya goge baki, ya jawo kwamfutar gabansa da hannu biyu.

"Sanusi, maido mani baya kaɗan kafin mu tafi masallaci."

"Wurin gonar, Baba?"

"A'a, wannan na ji. Wurin wandon."

Na mayar. Ya kara kunne, hawaye na bin gemunsa, yana murmushi. Da Baba ya zo kan kajin, sai ya nuna shi da yatsa.

"Ƙarya yake yi mani, Allah Ya jiƙan shi. Kaza ɗaya ce. Ita ma dama matsoraciya ce."